Takardar banmasta daban, ta 'yan busa daban: ya ake yi su zama ɗaya?

Ɗan_Birged ya rubuta:

Salama gare ku jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masu rubuta kiɗa a kwamfuta ku taimaka min, abin nan ya hana ni sukuni tun ranar Talata.

Ni nake shirya wa ban ɗin cocinmu takardu, wato ƙungiyarmu ta masu busa da ganga, masu busa mu sha huɗu ne ban da 'yan ganga, akwai tirampet huɗu, kilarinet biyu, alto saks biyu, torombon uku, yufoniyam biyu sai tuba ɗaya. MuseScore 4, wata manhajar rubuta kiɗa, nake aiki da shi a laftof ɗin yayana tunda kyauta ne. Yadda nake yi tun da na fara shi ne, sai in rubuta babbar takardar nan da kowa yake ciki layi bisa layi, wadda banmasta yake riƙewa, ni uwa nake ce mata, in na gama sai in buɗe sabon fayil in kwafo layin tirampet na ɗaya in zuba in ajiye, in sake buɗe wani in zuba na biyu, haka haka har kowa ya samu nasa, a ƙarshe waƙa ɗaya sai ta zama fayil goma, uwa ɗaya da 'ya'ya tara. Haka na ga wanda ya koya min yana yi, ban taɓa tambayar dalili ba.

To godiyar kaka ta matso, za mu raka 'yan kwaya da waƙa ɗaya, na rubuta ta a ki G, wato matakin sautin da waƙar ta zauna a kai, na raba takardu tun wancan watan. Sai kwayamasta ya ce G ya yi wa matan sofrano tsayi, muryarsu tana shaƙewa a amshi, a sauko da ita F. Shi kuma banmasta ya ce tunda za a taɓa, in ƙara bar huɗu a farko na gabatarwa domin 'yan kwaya su samu miƙewa su kama ki. Bar ɗin nan mu ɗaki muke ce masa, wato ɗan filin da ke tsakanin layi biyu na tsaye. Na zauna da dare na gyara uwar tsaf, na fara bin 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya sai aka ɗauke wuta, caji ya yi ƙasa, na shiga sauri. Da na zo kan torombon na buɗe na ga shaf ɗaya a gaban layi, wato alamar nan # da ke nuna ki ɗin takarda, kuma yanzun nan na rufe na tirampet shi ma shaf ɗaya ne, sai zuciyata ta ce min ai na riga na gyara wannan, na rufe na wuce. Ashe shaf ɗayan torombon na tsohon ki ne.

Ranar Talata a firaktis abin ba daɗin ji. Torombon suka shigo ɗaki huɗu kafin lokacinsu kuma sama da kowa, banmasta ya tsayar ya ce a ɗauka daga ɗaki na 33, aka ɗauka abin ya ƙara dagulewa domin 33 ɗinsu shi ne 37 na sauran mutane. Akwai wani yaro ɗan shekara sha uku da bai daɗe da fara torombon ba, shi aka fi yi wa faɗa, aka ce ba ya ƙirga hutu, yaron nan idonsa ya ciko da hawaye yana nuna takarda da yatsa yana cewa abin da ke nan nake busawa, kuma gaskiyarsa ne. Wannan shi ya fi ci min rai. Bayan haka kuma wurin da na rubuta "a rage gudu" kafin baiti na ƙarshe, 'yan kilarinet kaɗai suka gani a tasu, sauran suka wuce a guje.

Tambayata, ku da kuka daɗe a harkar ya kuke yi in an canza abu a uwa ya shiga takardar kowa ba tare da an bi su ɗaya bayan ɗaya ba? Ko dai manhajar da nake amfani da ita ce ba ta kai ba, sai na nemi ta kuɗi? Saura sati biyu da kwana biyu.

TsohonBadujala ya rubuta:

Ɗana sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Ni ban iya kwamfuta ba, jikana ne ya karanta min yanzu kuma shi yake rubuta abin da nake faɗa, amma na yi aikin badujala shekara talatin da 'yan kai, kuma wajen shekara goma a ciki ni ne mai kwafar takardu, da alƙalami da tawada da rula. Abin da ya same ka ya girmi kwamfuta.

Na farko tukuna, ka je ka samu yaron nan a gaban waɗanda aka yi masa faɗa a gabansu ka ce takardar ce ba daidai ba, kuma kai ka rubuta ta. Mai busa in ya daina yarda da takarda to ya lalace, sai ya koma leƙen yatsun na kusa da shi, ba zai ƙara ƙirgawa da kansa ba. Na ga waɗanda aka kashe wa zuciya haka.

Na biyu maganar shaf ɗaya da ta yaudare ka, ka haddace wannan yadda ka haddace sunanka. Tirampet da kilarinet ɗinku a B filat suke, in mai busa ya ga C a takarda ya busa, abin da kunne yake ji B filat ne, saboda haka takardarsu kullum tana sama da ainihin ki da taki ɗaya cikakke. Waƙa in tana F, su G za su gani, shaf ɗaya. Alto saks a E filat yake, shi D zai gani, shaf biyu. Torombon da tuba masu karanta kilef na ƙasa, wato alamar farkon layi ta masu kauri a sauti, abin da suka gani shi ke fita, F za su gani, filat ɗaya, alamar nan mai kama da ƙaramin b. To ka ga ranar da ka ga torombon ɗinka da tirampet sun zo da alama iri ɗaya a gaban layi, ba sai an faɗa maka ba, akwai matsala. Sai dai fa in torombon ɗinku irin tsarin ban ɗin Ingila suke bi, waɗanda ake rubuta musu a kilef na sama kamar tirampet, wannan kuma daban, ka tambayi 'yan yufoniyam ɗinka ma wanne kowannensu yake karantawa don sau da yawa ba iri ɗaya aka koya musu ba.

Mu a da, in na gama kwafar takardar mutum ba ta fita hannuna sai na ƙirga ɗakunanta tun daga farko har ƙarshe, har da na hutu, in rubuta jimla da fensir a ƙasan shafi. In uwa 84 ce to kowace takarda sai ta ba ni 84, in na samu 83 ba na tashi daga teburin. Sannan mu zauna mu biyu, ɗaya riƙe da uwa ɗaya riƙe da kwafi, wannan yana karantawa wancan yana bi da yatsa. Mutum ba ya ganin kuskuren hannunsa, idonka abin da ka yi niyyar rubutawa yake gani.

Kuma ka sa haruffa, A a farkon baiti, B a amshi, haka dai. In da banmasta cewa ya yi a ɗauka daga B, da ko da tsohuwar takarda a hannunsu wuri ɗaya za su faɗa. Abu na ƙarshe, duk ranar da ka raba sabuwar takarda ka karɓi tsohuwar hannu da hannu ka yaga, kar ka bar ta ta kwana a jakar kowa, don ranar biki ita za a zaro.

MalamarKiɗa ta rubuta:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma Baba. Ni bari in taɓa ɓangaren kwamfutar.

Ƙanena ba manhajar ba ce, kar ka kashe ko kwabo. Abin da kake nema yana cikin MuseScore tun fitowa ta 2 a 2015, kai ne dai aka koya maka hanyar da ta tsufa. Wanda ya koya maka ma ba laifinsa ba ne, da can haka ake yi, a ciro takardar kowa ta zama fayil mai zaman kansa, manyan manhajojin kuɗi ma haka suke, Sibelius sai a fitowa ta 4 a 2005 ya kawo takardu masu manne da uwa, Finale kuma ya biyo baya a Finale 2007. Waɗanda suka koya kafin nan da yawansu hannunsu ya saba, suka ci gaba da koyar da shi haka.

Ka buɗe uwar nan taka da ka ce ta gyaru, ka duba can sama za ka ga inda aka rubuta Parts, ka danna, zai jero maka duk kayan busan da ke cikin waƙar, ka zaɓe su duka ka buɗe. Kowanne zai fito a shafinsa amma duk a cikin fayil ɗaya suke. Abin da nake so ka gane shi ne waɗannan ba kwafi ba ne, not ɗin da ke uwa, wato alamar sautin da za a busa, shi ne dai na takardar torombon, kamar mutum ɗaya ne kake hangowa ta taga biyu. Ka canza not a uwa ya canza a can, ka ƙara ɗaki huɗu kowa ya samu huɗunsa, ka sauke ki kowa ya sauka gwargwadon kayan busansa. Amma ka lura abin gaba da baya yake aiki, in kana cikin takardar saks hannunka ya goge not to a uwa ma ya tafi, kar ka ce ai a nan kaɗai na taɓa. Fayil taran nan kuma ka kwashe su ka zuba a wata folda ka rubuta mata TSOHO, kar ka sake buɗe su.

Kafin nan ka tabbata kowane layi a uwa kayan busan gaskiya ka ba shi. Na sha ganin ɗalibaina sun ɗauki layin fiyano ko na murya sun canza masa suna kawai zuwa tirampet, to kwamfuta ba suna take dubawa ba, ba za ta ɗaga masa ki ba. Ka zaɓi tirampet na B filat daga jerin kayan kiɗa. Sannan can ƙasa akwai ɗan akwati mai suna Concert pitch, in ka kunna shi uwa za ta nuna maka kowa a ainihin sautin da kunne ke ji, ya fi sauƙin duba ko muryoyi sun haɗu, amma a takardun 'yan busa ka tabbata a kashe yake kafin ka buga. Ka bi lissafin da Baba ya ba ka ka duba gaban layin kowa, G, G, D, F.

Maganar "a rage gudu" da kilarinet kaɗai suka gani, ko da sabuwar hanyar zai iya sake faruwa in ba ka kula ba, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa. Rubutu iri biyu ne. Akwai na layi ɗaya, Ctrl da T, shi na mutum ɗaya ne, kamar ka ce wa tirampet ya sa abin toshe baki ko mutum ɗaya ya busa. Akwai kuma na kowa, Ctrl da Shift da T, a uwa sau ɗaya zai fito a saman layin farko amma zai shiga takardar kowa. A ido a kan uwa kamarsu ɗaya sak, shi ya sa ba ka gane ba, kai ka sa na layi ɗaya a saman kilarinet don shi ne a sama. Na gudu ma gara ka ɗauko shi daga akwatin alamomin gudu, ta haka in ka kunna sauti kwamfutar ma za ta rage. Haruffan da Baba ya ce kuma Ctrl da M ne, kar ka rubuta A da hannu a matsayin rubutu. Amfaninsu biyu, suna shiga takardar kowa, kuma suna yanka dogon hutu, misali tuba yana da hutun ɗaki 16 kuma B ta faɗo a tsakiya, zai ga 8 sai B sai 8, ya san inda yake.

Wani abu kuma, in za ka cire ɗaki gaba ɗaya, Delete kaɗai share abin da ke ciki yake yi ya bar ɗakin fanko, Ctrl da Delete ne yake ɗauke shi. In kuma waƙarka da guntun ɗaki take farawa, irin wanda ake shiga kafin bugun farko, ka shiga bayanan ɗakin ka ce kar a ƙirga shi, don lambobinka su yi daidai da na kowa.

Abin da ba ya bin uwa shi ne tsarin shafi, inda layi ya karye, inda shafi ya ƙare, girman rubutu. Wannan da gangan aka yi, don uwa mai layi tara ba za ta zauna a takarda yadda ta mutum ɗaya za ta zauna ba. Tun fitowa ta 4.2 a ƙarshen 2023 ma masu MuseScore sun ƙara yadda za ka ce wannan alamar ta fito a takardar mai busa kaɗai ban da uwa, ko ka matsar da ita a can ba ta motsa a nan ba. Shawarata kar ka fara kwalliyar shafi sai banmasta da kwayamasta sun ce sun gama canje-canje, in ba haka ba ka gyara shafi tara a ƙara ɗaki biyu komai ya zame ka koma farko. In lokacin ya yi kuma ka duba wurin juya shafi, mai torombon hannunsa biyu duk suna aiki, ka sa ƙarshen shafi ya faɗo inda yake da hutu, ko ka matse ta ta zauna a shafi ɗaya in za ta karantu.

Ɗan_Birged ya rubuta:

Kai! Anti na buɗe yanzun nan na gani, wallahi shekara biyu ina kallon wannan Parts ɗin ban taɓa danna shi ba. Na gwada canza not ɗaya a uwa na leƙa tuba na ga ya canza. Na gode ƙwarai, Baba na gode, gobe in Allah ya kai mu zan samu yaron kafin a fara.

Saura abu biyu. Cikin 'yan yufoniyam ɗina ɗaya kilef na ƙasa yake karantawa ɗaya na sama, kamar yadda Baba ya hango, ya zan yi da su? Sannan 'yan kwaya su sol-fa suke karantawa, wato rubuta waƙa da haruffa, d r m na doh re mi, kwayamasta a Word yake buga musu, shin akwai yadda shi ma zai manne da uwa?

Mai_Sitidiyo ya rubuta:

Oga sannu. Duk abin da Malama ta faɗa haka yake, amma ni akwai inda zan ɗan saɓa, kuma akwai ramin da ba a ambata ba wanda a ganina ya fi duka zurfi.

Ramin shi ne PDF. Mannewar nan da ake magana a cikin laftof ɗinka kaɗai take, daga lokacin da ka fitar da PDF ka tura guruf ɗin WhatsApp to igiya ta tsinke, wanda ya sauke ranar Litinin nasa na Litinin ne har abada, ka tura sabo ranar Alhamis da suna iri ɗaya wayarsa ta ajiye biyu, ya je shagon fotokofi ya tura wanda ya fara gani. Ni wannan ya taɓa cin min yini guda na rikodin da kuɗin masu busa uku, kowa da takardarsa mai kyau amma ba na rana ɗaya ba. Tun daga nan kowace takarda da ta fita hannuna a ƙasanta akwai bugu na nawa da kwanan wata, sunan fayil ma haka, torombon1_bugu3, kuma in na canza ko not ɗaya ne a layin mutum ɗaya to kowa nake sake fitar wa, a MuseScore wurin Export za ka iya zaɓar uwa da duk 'ya'yan a tashi ɗaya. Kafin a ɗaga kayan busa banmasta ya ce kowa ya duba ƙasan takardarsa, bugu na 3 ne? Minti ɗaya bai kai ba. Kuma fayil ɗin asali hannu ɗaya zai riƙe shi, kar ka ba kwayamasta kwafi a filash ya je ya gyara nasa kai ma kana gyara naka, uwa biyu kenan.

Inda na saɓa, ni in aiki babba ne kuma an gama komai an sa hannu, nakan yi kwafin fayil ɗin gaba ɗaya in ware ɗaya don uwa ɗaya don takardun masu busa, saboda akwai ƙananan not na tuni da nake sa wa mai dogon hutu ya ga abin da wani yake busawa kafin shigarsa, ba na so su cika min uwa. Masu wannan sana'a da yawa suna yin haka.

Maganar ko a sayi ta kuɗi, ni da Finale na fara na koma Sibelius. A Sibelius harafin W kawai za ka danna ya kai ka takardar mutum ya dawo da kai, kuma duk abin da ka matsar a takardar mai busa sai ya koma ruwan lemo don ka san ya rabu da wurinsa na uwa, ina son wannan sosai. Finale kuwa kamfanin MakeMusic ya sanar a watan Agustan 2024 cewa ya daina shi, bayan shekara 35, suka tura mutane Dorico na Steinberg wanda ya fito a 2016. Duk mai tsofaffin ayyuka a Finale ya fitar da su a MusicXML, nau'in fayil ɗin da sauran manhajojin kiɗa suke karantawa, tun kwamfutarsa tana buɗe su, not da kalmomi za su tsallaka lafiya amma tsarin shafi sai an sake zama a kansa. Yufoniyam ɗinka biyu, Dorico babba, wato Dorico Pro, yana iya fitar da takarda biyu daga layi ɗaya, ɗaya a kilef na ƙasa ɗaya a na sama da ki ɗinsa, duk manne. Amma kar ka sayi manhaja saboda mutum ɗaya.

MalamarKiɗa ta rubuta:

Maganar bugu da kwanan wata na karɓa hannu biyu, ni ma zan fara. Amma raba fayil biyu, yallaɓai kai ka san abin da kake yi kuma aikinka in an yi rikodin ya ƙare. Waƙar coci ba ta ƙarewa, baɗi za a ce a ƙara baiti, wata shekara a ce sabuwar mai solo muryarta ba ta kai ba a sake sauke ki, ranar nan wa zai tuna cewa fayil biyu ne? Ciwon da ya kawo shi nan kenan. Ƙanena ka zauna a fayil ɗaya, not na tuni ka sa su ƙanana a layin mutumin, in sun dame ka a uwa ka ɓoye su a can.

Yufoniyam, ka ƙara layi na biyu a uwa, a jerin kayan kiɗa akwai yufoniyam na kilef na sama, ka kwafe na farkon ka zuba a ciki shi zai juya da kansa, wanda yake F a ƙasa zai fito G a sama. Sai dai ka sani waɗannan layi biyun ba su san juna ba, in ka gyara ɗaya sai ka sake kwafewa zuwa ɗayan. Ni abin da nake yi ba na taɓa na biyun sam, duk gyara a na farko, daf da fitarwa in share na biyun in sake zubawa.

Sol-fa kuma gaskiya hannu ne. Akwai 'yan ƙarin manhaja da suke rubuta shi a ƙarƙashin not, Sibelius ma yana da nasa, amma rubutu ne kawai suke ajiyewa, in ka canza not daga baya ba ya bi. Sauƙin da ke ciki shi ne doh yana tafiya da ki, saukowa daga G zuwa F bai taɓa ko harafi ɗaya a takardar 'yan kwaya ba, kan takardar kawai za a gyara a ce doh F ne. Abin da zai haɗa ku shi ne haruffan Baba, ka zauna da kwayamasta ya sa A da B da C a daidai inda ka sa naka, ya kuma rubuta a sama cewa ban zai yi ɗaki huɗu kafin su shiga. Ka ja kunnen 'yan tirampet kuma, in sun ji kwayamasta ya ce doh F ne kar su nemi F ɗinsu, nasu doh ɗin G ne.

Ɗan_Birged ya rubuta:

Na dawo da labari. Jiya Juma'a kafin a fara na roƙi banmasta minti biyu na faɗa a gaban kowa cewa takardar torombon ce na bari a tsohon ki, na ba yaron haƙuri, banmasta ma ya kira shi ya dafa kafaɗarsa. Na karɓi tsofaffin takardu, sha uku suka dawo, ɗaya ya ce tasa tana gida na ce ya kawo min ita ranar Lahadi.

Na fitar da duka daga fayil ɗaya, bugu na 3 a ƙasan kowacce. Na bi maganar Baba duk da haka, ni da ƙanwata muka zauna tana riƙe da uwa ina bin ɗaya bayan ɗaya, ɗaki 72 kowa ya ba ni 72, amma mun kama abu biyu, alamar ƙarfi a amshi na sa wa tirampet na ɗaya na manta na biyu, sannan a takardar saks harafin C ya hau kan lambar ɗaki ba ya karantuwa sai da na ɗaga shi. Mun busa ta sau uku daga farko har ƙarshe ba a tsaya ba.

Yanzu kuma banmasta ya ce a maimaita amshin ƙarshe sau biyu, na biyun da ƙarewa daban. Anti in na sa alamar maimaici da ƙarewa ta 1 da ta 2 a uwa, su ma za su shiga takardar kowa da kansu ko akwai irin tarkon nan na rubutun layi ɗaya? Ban taɓa komai ba tukuna, ina jiran amsarki kafin in fitar da bugu na 4.